Gurnanin Taransifoma: Tarihin Iyakokin da ke Cikin Ƙarfe

Rubutunmu na wannan mako ya ɗan kauce daga tarihin sarakuna da ganuwa da muka saba kawowa, amma shi ma tarihi ne, kuma abin da ya jawo shi yana nan kafe a bakin layinmu a Tudun Wada.

Da daminar bara taransifomar layinmu ta ƙone. Aka bi gida-gida aka yi karo-karo, masu injin markaɗe da teloli da masu ƙanƙara suka fi kowa zubawa, domin su ne abincinsu ya tsaya. Aka kai ta wurin gyara, aka sake naɗa mata waya, bayan mako 5 ta dawo. Wuta kam ta kawo, yara suka yi ihunsu. Sai dai gurnanin da a da sai ka matsa kusa kake ji, yanzu daga cikin ɗaki ana jin sa da dare, kuma ko ba a ɗora mata kaya da yawa ba, jikinta zafi rau. Wani dattijo mai gyaran rediyo a layin ya tsaya ya saurara, ya ce mana, "Ku bar zargin waya, ƙarfen cikinta ne ya ji jiki." Muka yi dariya, muka ce Baba, ƙarfe kuma har yana jin jiki? Ashe maganarsa ce daidai. Masana sai da suka shafe kusan shekara 50 suna kai-kawo kafin su iya faɗin dalilin abin da ya faɗa a numfashi ɗaya.

Cikin taransifoma babu abin da ke juyawa. Siraran farantan ƙarfe ne aka jera ɗaya kan ɗaya, aka naɗe su da waya. Wutar da ake ba mu a Nijeriya tana sauya fuska sau 100 a kowane sakan, kuma duk sauyawar da ta yi, ƙarfen nan yana zama mayen ƙarfe ta wannan fuskar, sannan ya juya ya zama ta waccan. Duk sanda ya ɗauki maganaɗisu yana ɗan miƙewa, miƙewar da ido ba ya gani. Wannan miƙewa da komawa sau 100 a sakan ita ce kunnenmu ke ji a matsayin gurnani. To me ke faruwa a cikin ƙarfen har yake yarda ya juya haka, kuma me ya sa wani ƙarfen yake juyawa da daɗin rai, wani kuma sai da gardama da zafi?

Gardamar ƙarfe ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. A shekarun 1970 masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu da John Sutton, sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, waɗanda suka haura shekara 1,000. Na Taruga, a yankin al'adar Nok, da Bernard Fagg ya tono a shekarun 1960, sun haura shekara 2,000. Abin da maƙeran wancan zamani suka gano da hannu, suka bar wa jikokinsu, shi ne cewa ƙarfen da ya daɗe cikin gawayi, aka tsoma shi a ruwa da zafinsa, yana yin tauri ya riƙe kaifi, wanda bai sha gawayi sosai ba kuma yana lanƙwasuwa. Ɗan abin da ke shiga ƙarfe daga gawayi, wato kabon, bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, amma shi ke raba wuƙa da ƙusa. Duk yaron da ya taɓa ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ya ga ɗaya gefen wannan magana: in ka goga shi a allura, allurar za ta daɗe tana ɗaukar 'yan uwanta, in kuwa ƙusa ce, ba ta jimawa take mantawa. Ƙarfe mai tauri yana da riƙo, mai laushi yana da mantuwa. Taransifoma kuwa mai mantuwa take so, wanda zai saki fuskar da ya ɗauka nan take ya karɓi sabuwa.

Wanda ya yi hasashen abin da ke ciki shi ne Bafaranshe Pierre Weiss, a 1907. Ya ce kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe ɗan ƙaramin mayen ƙarfe ce, kuma maƙwabta suna tilasta wa juna su fuskanci wuri ɗaya. Sai tambaya ta taso: in haka ne, me ya hana kowace ƙusa a kasuwa ta zama mayen ƙarfe? Amsar Weiss ita ce, ƙarfen a rarrabe yake yanki-yanki. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Kufena da damina ya leƙo gonakin da ke ƙasa zai gane wannan da sauƙi. Kowace gona kunyoyinta sun miƙe ta fuska ɗaya, wannan gabas da yamma, ta maƙwabci kudu da arewa, tsakaninsu kuma akwai iyaka. Haka cikin ƙarfe yake: kowane yanki ya haɗa kansa, amma da yake yankunan sun ba juna baya, ƙarfinsu yana kashe juna, daga waje ba a jin komai. Idan aka kawo maganaɗisu daga waje, yankin da fuskarsa ta dace da shi sai ya fara cin gonar maƙwabcinsa, iyaka ta matsa. A lura, babu ƙwayar da ke barin wurinta. Waɗanda ke bakin iyaka ne kawai ke juya fuska, layi bayan layi. Turawa katanga suke kiran wannan iyaka, amma mu iyaka za mu ci gaba da ce mata, domin katanga ba ta tafiya, iyakar gona kuwa kowa ya san takan yi tafiya in babu mai tsaron ta.

Weiss bai ga yankunan da idonsa ba. Kunne ne ma ya riga ido. A 1919 Heinrich Barkhausen, a birnin Dresden na Jamus, ya naɗe sandar ƙarfe da waya, ya haɗa ta da na'urar ƙara sauti, ya riƙa matso da mayen ƙarfe a hankali. Maimakon shiru, sai ya ji ƙara tas-tas-tas kamar farkon saukar ruwa a kan kwano. Wato ƙarfen ba a sulale yake karɓar maganaɗisu ba, da tsalle-tsalle yake karɓa. A 1931 Francis Bitter a Amurka ya barbaɗa garin ƙarfe mai laushi a kan gogaggen ƙarfe, garin ya taru a kan iyakokin, aka gan su a madubin ƙara girma. A 1932 Felix Bloch ya lissafa cewa iyakar tana da kauri, ƙwayoyi fiye da 100 ne ke karkata kaɗan-kaɗan daga wannan fuska zuwa waccan. Sai a 1949 Williams da Shockley, a ɗakin binciken kamfanin Bell, suka kalli iyaka guda ɗaya tana tafiya a cikin ƙarfe, tana maƙalewa, tana fizgewa. A nan aka tabbatar da cewa ƙarar da Barkhausen ya ji shekara 30 baya ƙarar fizgewar iyaka ce daga abin da ya riƙe ta.

Abin da ke riƙe ta kuwa shi ne jigon labarinmu. Duk wani ɗan baƙon abu a cikin ƙarfe, ɗigon kabon da ya dunƙule, ko farar wuta, ko tsatsa, ko wurin da guduma ta taɓa ta bar tsami, yana zama turke. Iyaka in ta iso wurin sai ta tsaya, sai an ƙara mata ƙarfi kafin ta tsinke ta wuce, kuma ƙarfin da aka ɓata wajen tsinkewar zafi yake komawa. A allura wannan alheri ne, turakun ne ke hana yankuna komawa yadda suke, shi ya sa take da riƙo. A taransifoma kuwa asara ce da ake yi sau 100 a sakan, dare da rana, ko da kowa a layin ya kashe fitilarsa.

Abin mamaki shi ne magani ya riga sanin cutar. Taransifomomin farko na ƙarshen ƙarni na 19 da ƙarfe mai laushi aka yi su, kuma injiniyoyi sun lura cewa bayan sun yi aiki na wani lokaci asararsu na ƙaruwa, suka ce ƙarfen yana tsufa. Dalilin, wanda ba su sani ba a lokacin, shi ne ɗumin aiki yana sa kabon da naitirojin da ke narke a ciki su riƙa taruwa suna zama sababbin turaku. A 1900 Robert Hadfield, mai masana'antar ƙarfe a Sheffield ta Ingila, tare da Barrett da Brown na Dublin, suka bayyana cewa in aka zuba wa ƙarfe silikon kaɗan, sinadarin nan da ya cika yashi, asarar tana faɗuwa, tsufan kuma yana raguwa ƙwarai. Shekara 7 ke nan kafin Weiss ya buɗe baki. Har yau kimanin kashi 3 cikin 100 ake sawa. In aka zarce da yawa ƙarfen yana yin gautsi, ya riƙa tsagewa a injin murzawa. A 1933 Norman Goss a Amurka ya gano hanyar murzawa da gasawa da ke sa ƙwayoyin ƙarfen su jeru ta fuskar da maganaɗisu ya fi son bi. Akwai wata dabara a cikin wannan aiki da ta burge mu: da gangan ake barin 'yan ɗigon manganis da farar wuta a ciki domin su tsare ƙwayoyin da ba a so su girma, sannan in sun gama aikinsu a gasa ƙarfen cikin iskar haidirojin a kore farar wutar, kabon kuma tun kafin nan an rage shi zuwa ƙasa da kashi 30 cikin miliyan. An gayyaci baƙo ya yi aiki, an kuma sallame shi kafin ya zama turke.

Mafi daɗin ɓangaren, a ganinmu, shi ne wanda Jacob Snoek ya buɗe a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven ta Holan tsakanin 1939 da 1941, wato daidai lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ke fitar da bugunta na farko-farko a nan Zariya. Snoek ya nuna cewa ko ƙwayar kabon guda ɗaya da ba ta dunƙule da kowa ba, tana zaune ne a 'yan lungunan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarfe, kuma tana iya tsallakawa daga lungu zuwa lungu. Louis Néel na Grenoble, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970, ya ƙarasa bayanin a 1952: kabon yana da lungun da ya fi so gwargwadon inda maganaɗisun wurin ya fuskanta. Saboda haka in iyaka ta ɗan jima a wuri ɗaya, ƙwayoyin kabon na kewaye sai su gyara zama daidai da ita, in ta zo tashi kuma sai ta tarar an yi mata rami. Kamar tayar mota ce da ta kwana a laka. Ashe ba iyaka kaɗai ke cin karo da turke ba, turken ma yana bin iyaka ya same ta inda take.

Yanzu mu koma bakin layinmu. Idan taransifoma ta ƙone, ba waya kaɗai ke shan wuta ba. Kowane faranti yana da wani siririn shafe da ke raba shi da ɗan uwansa, ya kuma riƙe shi a ɗame, in zafi ya yi yawa shafen yana lalacewa. Wajen kwancewa da mayarwa kuma, in aka lanƙwasa farantan, ko aka daddaka su da guduma don su shiga, ko aka bar giɓi a mahaɗa, an shuka turaku ke nan a ko'ina, kuma ƙarfen da ke cikin matsi ya fi yin miƙewar nan mai kawo gurnani. Masana'antu kan kawar da irin wannan tsami ta hanyar gasa ƙarfen a wajen digiri 800 a bar shi ya huce a hankali, abin da ba kowane wurin gyara ke da halinsa ba. Da mun san wannan a bara, da kafin mu biya cikon kuɗi mun nemi a gwada mana wutar da take ci alhali ba a ɗora mata komai ba. Wannan gwaji ɗaya shi ke tona lafiyar ƙarfen, kuma duk unguwar da ke shirin karo-karo ya kamata ta sa shi cikin sharaɗi tun farko. Irin wannan ƙarfe ƙasashe ƙalilan ke yin sa, irin su Japan da Sin da Koriya ta Kudu da Rasha da Amurka da Jamus. Namu duk shigo da shi ake yi.

Wannan rabin labarin ne. Ɗaya rabin yana cikin laitar da ake danna ta ta ce ƙyat ta ba da tartsatsi ba tare da ƙanƙara ba, yana kuma cikin ɗan abin da ake gogawa a cikin mai juna biyu a ɗakin awo har a ga jariri a allo. Waɗannan ba ƙarfe ba ne, dangin tangaran ne da aka gasa, amma su ma a rarrabe suke yanki-yanki da iyakoki. Bambancin kawai, a nan abin da ke fuskantar gabas ko yamma cajin lantarki ne, ba maganaɗisu ba.

Tun 1880 'yan uwan nan biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a Faris cewa wasu duwatsu masu ƙyalli in an matse su suna ba da lantarki. Ba a jima ba aka tabbatar da cewa in an ba su lantarki su ma suna motsawa. A 1920 Joseph Valasek, ɗalibi a Jami'ar Minnesota, ya nuna cewa wani gishiri da ake kira gishirin Rochelle yana riƙe cajinsa yana kuma juya shi kamar yadda ƙarfe ke yi da maganaɗisu. Gishirin nan ba ya son laima, ba ya son zafi, don haka amfaninsa bai yi nisa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. Ana neman abin da za a yi ma'ajiyar caji ta rediyon soja da shi, sai masu bincike a Amurka da Tarayyar Sobiyet da Japan, kowa a ɓoye ba da sanin ɗan uwansa ba, suka faɗa kan tangaran ɗaya na bariyam da taitaniyam. Jikokinsa ne 'yan ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ƙasa da masu gyaran waya ke ɗagawa da hantsaki, ɗaruruwa a cikin kowace waya. Su ma suna tsufa: iyakokinsu na samun wurin zama a hankali, abin da suke iya riƙewa ya riƙa raguwa, in kuma aka ɗumama su suka haura wajen digiri 125 yankunan su rushe, su sake sabon lale kamar ranar da aka yi su.

A 1952 Gen Shirane da abokan aikinsa a Tokyo suka yi nazarin wani haɗin na dalma da zirkoniyam da taitaniyam, a 1954 kuma Bernard Jaffe a Amurka ya nuna cewa in aka daidaita haɗin wajen rabi da rabi, motsinsa ya zarce na duk abin da aka sani. Shi ake kira PZT. Kamfanin Clevite da ke Cleveland ya ɗauke shi, kuma a nan ne aka mai da barbaɗe sana'a. A 1959 wani ma'aikacinsu, Frank Kulcsar, ya buga sakamakon zuba wa haɗin wajen kashi 1 cikin 100 na niyobiyam ko lantanam. Tangaran ɗin ya zama mai saurin amsawa, mai sauƙin juyawa. Da aka gwada baƙin ƙarfe a maimakonsu, sai aka samu akasin haka, ya zama mai taurin kai, amma ba ya ɗaukar zafi. Aka kira na farko mai laushi, na biyu mai tauri, sunayen da aka aro daga maƙera, ko da yake a hannu ba ka jin bambancinsu.

Ga yadda abin yake. A ce kowace ƙwaya tana da hannuwa da take kama maƙwabta da su. Taitaniyam da zirkoniyam hannu 4 gare su, oksijin 2. In baƙin ƙarfe mai hannu 3 ya zauna a kujerar mai hannu 4, lissafi ya gurgunce, sai ginin ya cike giɓin ta hanyar barin kujerar oksijin ɗaya babu kowa, a madadin kowane baƙo biyu. Wannan kujera da babu kowa tana iya ƙaura, domin oksijin na kusa yakan tsallako cikinta ya bar tasa. A hankali sai ta lallaɓo ta zauna kusa da baƙin ƙarfen, ta gefen da ya dace da fuskar yankin, su biyun su zama wata 'yar kibiya mai nuna inda yankin ke nunawa. In iyaka ta zo wucewa ta juya wurin, kibiyoyin nan ba sa juyawa da wuri, sai su jawo ta baya. Labarin Snoek da kabon ne ya sake dawowa a wani gida. Carl da Härdtl, su ma na Philips, suka tattara wannan bayani a 1978. Niyobiyam kuwa hannu 5 gare shi, rara ya kawo, don haka kujerun oksijin ba sa zama fayau, kujerun dalma ne ake bari, su kuma ba sa yawo. Babu mai bin iyaka ya ɗaure ta, sai ta yi ta zirga-zirga yadda take so, kuma wannan zirga-zirga ita ke ba da wajen rabin motsin tangaran mai laushi, wani lokaci ma fiye.

Shi ya sa na'urar awon ciki, wadda aikinta ta saki ɗan sauti ta kuma saurari amsa-kuwwa mai rauni daga jikin jariri, take amfani da mai laushi. Na'urar da ke aiki da ƙarfi ba hutawa, irin ta wanke kayan tiyata da girgizar sauti ko ta jirgin ruwa mai laluben ƙarƙashin teku, mai tauri take buƙata, in ba haka ba ta dafa kanta. Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan barbaɗen da bai wuce gishirin miya ba ne ya raba musu sana'a.

Sunan niyobiyam ya kamata ya tsaya mana a rai, domin a nan ne labarin ya bi ta ƙofar gidanmu. Dutsen da ake samun sa a ciki shi ne kolombait, abokin kwanan kuza a tsaunukan Jos, akwai shi kuma a wajajen Riruwai ta jihar Kano. Shekara da shekaru masu haƙar kuza zubar da shi suke yi a matsayin datti. Tun 1914 ƙaramin jirgin ƙasan nan da ake kira na Bauchi yake ɗauko kuza daga Bukuru da Jos ya kawo tashar Zariya, kafin babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, aka kuma rufe ƙaramin a 1957. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, aikin tilas a ramukan kuza, da yawa sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe su. Bill Freund, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta littafi guda a kan ma'aikatan waɗannan ramuka, ya fito a 1981. Da aka gano amfanin niyobiyam a ƙarfen da ke jure zafi, musamman na injin jirgin sama, sai dattin jiya ya zama dukiya, aka koma ana tone tsofaffin juji. Lokacin yaƙin Koriya Amurka ta yi ta saye tana tarawa da farashi mai tsoka, kuma a shekarun 1950 mafi yawan kolombait ɗin duniya daga Nijeriya yake fita. Wato a shekarun da ake gwada barbaɗen niyobiyam a Cleveland, babbar rijiyarsa a duniya tana nan kudu maso gabas da mu, tafiyar yini ɗaya a jirgi. Mu muka haƙa, muka wanke, muka ɗura a buhu. Abin da yake yi in ya shiga tangaran, a can aka gano shi, a can kuma aka yi masa rajista. Daga shekarun 1960 ma'adinan Araxá ta Birazil suka karɓe kasuwar, yau kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam ɗin duniya daga Birazil yake.

Binciken bai tsaya ba. A 2009 Jan Seidel da abokan aikinsa a Berkeley suka gano cewa a wani tangaran na bismut da baƙin ƙarfe, yankunan ba sa wuce da lantarki amma iyakar da ke tsakaninsu tana wucewa da shi, alhali kaurinta bai wuce 'yan ƙwayoyi ba. A 2017 ƙungiyar Tadej Rojac a Ljubljana ta Sulobeniya ta leƙa da madubin da ke ganin ƙwaya ɗai-ɗai, ta ga kujerun bismut da babu kowa da ƙwayoyin ƙarfe masu sauyin caji sun yi cincirindo a kan iyakar. Tun daga nan ake ƙoƙarin mai da iyakar kanta waya, wadda za a iya zanawa, a goge, a matsar, a ajiye bayanai da ita.

Akwai kuma matsalar dalma. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin PZT dalma ce, kuma mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba, tun da a 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dalmar da ke gashe cikin tangaran ba kamar ƙurar Zamfara ba ce, amma laita da lasifikar ƙararrawa da sauran tarkace a bola suke ƙarewa, wasu kuma a wutar masu ƙona waya su ciri jan ƙarfe. Tarayyar Turai ta kafa dokar hana dalma a kayan lantarki a 2003, ta fara aiki a 2006, sai dai dole ta ɗaga wa PZT ƙafa saboda babu magaji. A 2004 Yasuyoshi Saito da abokan aikinsa na ɗakin binciken Toyota a Japan suka fito da wanda ya fi kowa matsowa kusa, tangaran na fotasiyam da sodiyam da niyobiyam. In muka fassara shi da harshen madafa, fotasiyam shi ne ƙarfin da ke cikin ruwan toka, sodiyam shi ne na kanwa, niyobiyam kuwa na kolombait. Ba muna cewa a kwaɓa kanwar kasuwar Tudun Wada da toka a samu na'urar asibiti ba. Aikin yana son sinadaran da aka tace har sai an san abin da ya rage a ciki kashi nawa ne cikin miliyan, domin kamar yadda muka gani, baƙon da ba a gayyata ba shi ma turke ne.

Irin wannan awo ana iya yin sa a garin nan. A Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar Sin, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin wajen kilowat 30, kuma babban aikinta shi ne a sa mata ɗan garin dutse ko ƙasa ta faɗi sinadaran da ke ɓoye a ciki, har waɗanda ba su wuce 'yan kashi cikin miliyan ba. A harabar Samaru kuma akwai sashen injiniyan ƙarafa, akwai masu koyar da tangaran da gilashi.

Sabon tangaran ɗin har yanzu yana ba masu yin sa wahala. In aka kai shi zafin gashi, sama da digiri 1,000, fotasiyam da sodiyam suna tashi su bi iska, su bar kujeru fayau inda ba a shirya ba, lantarki ya riƙa yoyo ta ciki. Abin da ake yi masa shi ne a barbaɗa manganis ko jan ƙarfe, wajen kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, su toshe yoyon su kuma ɗaure iyakokin gwargwadon aikin da ake so ya yi.